Rezistans ɗin anod da na katod a ampli na gita mai ƙwai: 100k ko 220k, 1.5k ko 2.7k?

Wanda ya zauna haɗa ampli mai ƙwai, wato mai ƙara ƙarfin sauti da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, da hannunsa a Yamai, wahalarsa ta farko ta samun kaya ce. Ƙwan 12AX7 sai an ba da sautu daga waje, tiransifo kuma sai an tono a tsohuwar rediyo ko an kai wa mai naɗi. Bayan an sha wannan sai a iso kan ƴan ƙananan rezistans biyu da ke manne da ƙwan farko, ɗaya a ƙafarsa da ake kira anod, ɗaya a wadda ake kira katod, a tarar kowace shema, wato zanen haɗin wayoyi, da nata lissafi: wannan ta ce 100k da 1.5k (k na nufin Ω dubu), waccan ta ce 2.7k, wata kuma 220k. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma sun fi tambarin da ke jikin ƙwan tasiri a kan abin da zai fito daga lasifika.

Abin da za a auna da shi

Na farko ninki, wato sau nawa matakin, ƙwan da kayan da ke kewaye da shi, ke ninka ɗan siginal ɗin da gita ta turo. Na biyu, wanda ya fi kowanne nauyi a nan, wane ɓangaren sauti ne ake ninkawa, kaurin manyan tsirkiyoyi ko kaifin ƙanana. Babbar tsirkiyar gita, Mi ta ƙasa, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, kuma abin da ampli ya yi da sautin da ke tsakanin 80 da 250 Hz shi ke raba sauti mai cika da sauti mai caɓi. Na uku sarari: iya ƙarfin da za a bugi tsirkiya kafin sautin ya fara fashewa, da kuma irin fashewar, mai laushi ce ko mai kaushi. Sai hayaniya, wato shuu ɗin da ake ji ko ba a taɓa gita ba. Daga nan kuɗi da sauƙin samu, sannan juriya. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40 a inuwa, cikin shasi, akwatin ƙarfen ampli, kuwa ya fi haka nesa. Kuran ɗinmu 220 volt ne, 50 Hz, yana hawa yana sauka, a wurin biki kuma sau da yawa gurup ake tayarwa.

Rezistans ɗin anod tana tsakanin babbar wuta da anod, ita ke mai da motsin kwararar wuta ya zama motsin volt da za a miƙa gaba. Ta katod ita ke tsayar da wurin da ƙwan ke hutawa: ƙaramar lamba tana sa shi jan wuta da yawa, a ce saiti mai zafi, babba kuma saiti mai sanyi. Kondansatar ɗin da ake ɗorawa a gefenta shi ne na uku a tafiyar. In babu shi ninki kan faɗi kusan rabi, in yana nan girmansa ne ke yanke daga wane sauti cikakken ninki zai soma. Duk lambobin da ke ƙasa na rabin ƙwan 12AX7 ne, wanda Turawa ke kira ECC83 (ƙwai biyu ne a gilashi ɗaya), a kan babbar wuta ta 300 volt. Ƙwai da ƙwai sukan bambanta, saboda haka in mita ta nuna sama ko ƙasa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ba matsala ba ce.

Kafin hannu ya shiga shasi: manyan kondansatar na riƙe 300 zuwa 450 volt ko bayan an zare fulogi. A sauke su ta cikin rezistans 100k mai wat 2 zuwa mas, wato jikin shasi, a auna da mita, sai ta nuna ƙasa da 10 volt a ɗauki ƙarfen dalma. Yana da kyau a dasa 220k mai wat 2 a gefen kondansatar na farko ta zauna nan din-din-din tana zuƙe ragowar.

Zaɓi na farko: 100k, 1.5k, 25µF

Wannan shi ne lissafin kamfanin Fender na shekarun 1960, kuma shi ne a ƙaramin amplinsu Champ. Ƙwan na jan kusan 1 mA, anod na zama wajen 200 volt, katod 1.5 volt, ninki kusan sau 60. Wurin hutun yana kusa da tsakiya, don haka siginal na da fili sama da ƙasa kafin ya bugi bango. Kondansatar 25µF a kan 1.5k yana buɗe ƙofa tun daga wajen 4 Hz, wato ba a zaftare komai daga sautin gita. Abin da ke fita cikakke ne, mai faɗi, mai daɗin ji in ana kiɗa a ɗaki ko a hankali.

Cikasinsa na bayyana idan aka murɗa ƙara. Kaurin nan duka yana zuba a kan mataki na gaba, ragar ƙwan na gaba, wato ƙafar da siginal ke shiga, ta fara jan wuta, kondansatar ɗin da ke haɗa matakan ya cika, saitin ya goce na ɗan lokaci. Kunne na jin haka kamar ampli ya shaƙe: babbar tsirkiya ta yi burrr, ƙananan su nutse a ƙarƙashinta. Ga mai kiɗan da babban yatsa ke riƙe da tsirkiya ɗaya yana maimaita ta, sauran yatsu na yawo a sama, irin kiɗan gitar Agadas da arewacin Tawa, wannan shaƙewa tana cinye ainihin abin da ake son ji. Ƙaramar lasifika ta inci 8 a buɗaɗɗen akwati tana ƙara munana lamarin.

Samunsa ba wuya. Ba sai an nemi 25µF ba, 22µF mai 25 ko 50 volt ya yi, yana cike a allon kowace tsohuwar talabijin. Sai dai shi ne raunin wannan zaɓi a zafinmu, domin irin mai ruwa ne, yana bushewa. A nemi mai rubutun 105°C, a nisanta shi da babban ƙwai mai tura lasifika, a kuma lura da ƙafafu: mai alamar ƙari ke zuwa katod.

Akwai tarko ɗaya ga mai kwafar tsohuwar shema. A amplin Fender Bassman 5F6-A na ƙarshen shekarun 1950 za a ga 820Ω, amma rabi biyu na ƙwan ne ke tarayya a kanta, kowanne yana ganin kamar 1.6k. Wanda ya ba rabi ɗaya 820Ω shi kaɗai ya yi saiti mai zafi: wajen 1.3 mA, katod 1.1 volt, sauti mai ɗumi da saurin fashewa. Kamfanin Marshall sun yi hakan da gangan a wasu wurare, amma ba daidai yake da 1.5k ba.

Zaɓi na biyu: 100k, 2.7k, 0.68µF

Lissafin layin kaifi na Marshall Super Lead ne, kuma da shi amplinsu JCM800 na 1981 ke buɗe matakinsa na farko. Kwararar wuta na sauka zuwa wajen 0.75 mA, anod ya hau kusan 225 volt, katod 2 volt. Saitin ya ɗan yi sanyi, amma babban aikin na kondansatar ne. Daga wajen 230 Hz zuwa sama ana samun cikakken ninki, kusan sau 55 zuwa 60. Daga nan zuwa ƙasa yana zamewa a hankali, kafin a kai ƙasa da 90 Hz ya doshi sau 23. Ba a yanke kaurin ba, an dai rage masa hannu kafin ya isa inda zai yi ɓarna.

A kunne, tsirkiya kowace na fita da bakinta. In aka buga da ƙarfi sautin na cizo, ba ya narkewa, kuma yana ratsa ganguna da tafi da guɗa a filin biki ba tare da an ƙure ƙara ba. Ampli mai wat 15 da aka yi wa wannan saiti kan ji kamar ya fi ƙarfinsa, don ba ya ɓata wutarsa wajen tura sautin da lasifikar ba za ta iya fitarwa ba. Inda yake gazawa shi ne ɗaki: gita mai siririn sauti, ƙara a ƙasa, sai a ji kamar rediyon aljihu.

0.68µF ba ya yawan faɗowa hannu. A haɗa 0.47 da 0.22 gefe da gefe, sun ba da 0.69. Ko a sa 1µF, wanda ke sauko da iyakar ƙasa zuwa wajen 60 Hz, ya ɗan ƙara barin kauri, kuma ga yawancin gitoci masu makirfo siriri shi ya fi dacewa. Ribar da ba a cika faɗa ba: kondansatar mai wannan girma na roba ake samu, ba ruwa a cikinsa, ba ya bushewa, ba shi da gaba da baya. Ta fuskar juriya ya fi na farko.

In an sa wannan kuma har yanzu ana shaƙewa, a duba kondansatar ɗin da ke fita daga anod. Sauke shi daga 0.022µF zuwa 0.0047 ko 0.0022µF yakan gama maganar.

Zaɓi na uku: 220k a anod

Vox AC30 na da 220k a ƙwansa na farko, da 1.5k da rabi biyu ke tarayya a kai, wato kamar 3k ga kowanne. Ninki na hawa zuwa wajen sau 70 ko 75. Bambancin da 60 bai kai yadda ake zuzuta shi ba, ko decibel 2 bai cika ba. Abin da ya fi canzawa shi ne ƙarfin turawa. Matakin na jan ƙasa da wuta, wajen 0.6 mA, kuma juriyar bakinsa na tashi daga kusan 38k zuwa 50k ko fiye, don haka duk abin da aka rataya masa yana danne shi. In maɓallan daidaita sauti ne ke biye kai tsaye, sukan cinye mafi yawan ribar, kaifin sama ma ya ɗan dushe.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a canza 100k zuwa 220k a bar 1.5k a katod ɗin rabi ɗaya. Anod sai ya faɗi wajen 130 volt, katod 1.1, sarari ya ƙuntata. Da 2.7k anod na komawa kusan 170 volt. Sautin na matsewa da wuri, nota na daɗewa kafin ta mutu, abin da mai son dogon kuka a ƙaramar tsirkiya ke nema. Farashinsa shuu da saurin kama kuwwa: wayoyin raga su zama gajeru, su yi nesa da na anod, in ba haka ba ampli ya dinga fito shi kaɗai. Kuɗi dai ɗaya ne da 100k.

Zaɓi na huɗu: 10k a katod, babu kondansatar

Wannan ba na matakin farko ba ne. A JCM800 yana mataki na biyu, aikinsa ya fasa sauti da gangan. Ƙwan na jan ƙasa da 0.3 mA, anod wajen 270 volt, katod kusan 3, ninki sau 8 kacal. Yana zaune dab da rufewa, don haka gefe ɗaya na siginal ke yankewa da wuri, ɗayan ya wuce. Kamfanin Soldano sun kai lambar har 39k. Fashewar tana da kaushi da tsari, ana samunta ko da ƙara na ƙasa, amma garau ɗin sauti ya tafi: sai an rage daga maɓallin gita kafin a ji wani abu mai kama da tsabta. Yana buƙatar matakai uku aƙalla da kyakkyawan shirin mas. Ba aikin ampli na farko ba ne.

| Anod / katod / kondansatar | Ninki | Volt a anod | Sauti | Samu da kuɗi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 100k / 1.5k / 22µF | kusan 60 | 200 | cikakke, mai faɗi | ko'ina, araha | shaƙewa in an ƙure, kondansatar na bushewa |
| 100k / 2.7k / 0.68µF | 55 zuwa 60 a sama, 23 a ƙasa | 225 | mai cizo, tsirkiya a rarrabe | araha, sai an haɗa biyu ko a sa 1µF | siriri a ƙaramar ƙara |
| 220k / 2.7k / 1µF zuwa 22µF | 70 zuwa 75 | 170 | matsattse, mai dogon kuka | araha | shuu, fito |
| 100k / 10k / babu | kusan 8 | 270 | fasasshe, mai kaushi | mafi araha | wuyar shiri, babu garau |

Irin rezistans ɗin fa?

Nan ne ake asarar kuɗi. Tsohuwar irin ta dunƙulen gawayi, mai ruwan ƙasa da ake gani a ampli na da, sai an yi odarta, kuma guda ɗaya kan ci kuɗin tarin na zamani. Gaskiya ne juriyarta na ɗan motsawa in volt mai yawa ya hau kanta, amma wannan ɗan launi a anod kaɗai ake iya samunsa, kuma ƙanƙane ne ƙwarai in an gwada da canza 22µF zuwa 0.68µF. Tana shan raɓa a damina, zafi na sa lambarta hawa, 100k ta wayi gari 120k ko fiye, ta fara tas-tas kamar ana soya gyaɗa. Mai fatar ƙarfe, shuɗiyar nan ta kashi 1 cikin ɗari, ta fi kowace shiru, ita ta dace da raga da katod da anod ɗin ƙwan farko. Mai fatar gawayi na tsakiya, ba laifi. A layin babbar wuta a sa irin mai toka-toka da ba ta kama wuta, wat 2 ko 3, wadda ake cirowa daga allon tsofaffin talabijin irin waɗanda ake samu a kasuwar Katako. A katod ɗin babban ƙwai kuma farar ta siminti.

Girman jiki ya fi iri muhimmanci. Rezistans ɗin anod ba ta ƙona fiye da 0.1 wat, sai mutum ya ga ƴar ƙarama ta kwata ta isa. Ba wat ne matsalar ba, volt ne: yawancin na kwata 250 volt ne iyakarsu, na rabin wat 350, na wat ɗaya 500. A lokacin kunnawa da lokacin da kuran ya yi tsalle ana matsa musu. A sa rabin wat aƙalla, wat ɗaya ya fi. Kuma duk wadda aka ciro daga tsohon allo a auna ta. 100k ruwan ƙasa, baƙi, rawaya ce, 10k ruwan ƙasa, baƙi, ruwan goro, kuma bayan shekaru a zafi rawaya da ruwan goro kan koma uwa ɗaya uba ɗaya.

Sauran da ke taɓa sauti

A bakin shiga, shemar Fender na nuna 68k biyu, amma in an soka gita a rami na farko suna haɗuwa su zama 34k. Mai rami ɗaya ya sa 33k, a manne ta a ƙafar soket ɗin. Tana hana ampli kama gidan rediyo. In an kai ta 470k tsakanin matakai, tana yanke kaifi daga wajen 3 kHz, dabara ce ta lallashin fashewa mai ƙaiƙayi.

A maɓallan sauti akwai rezistans ɗaya mai karkatar da tsakiya: 100k a Fender, 56k a Bassman, 33k a Marshall. Ƙaramar lamba na ƙara cikar tsakiya, amma 33k an yi ta ne don a tura ta daga katod. In daga anod za a tura, a tsaya a 56k.

Wadda ke maido siginal daga lasifika baya, 22k a Champ 5F1, tana ladabtar da ampli. Ƙara lambarta ko cire ta na sa shi ya yi ƙara da gardama. In ampli ya kurma ihu ranar da aka fara haɗa ta, wayoyin tiransifon fita ne a juye.

Ta katod ɗin babban ƙwai kuwa maganar rai ce kafin maganar sauti. Champ na da 470Ω a ƙwan 6V6 ɗaya, Deluxe 5E3 na da 250Ω ga biyu. A auna: 19 volt a kan 470Ω na nufin 40 mA, in tsakanin anod da katod 330 volt ne, ƙwan na ƙona wajen wat 13, alhali 12 zuwa 14 ne iyakar 6V6, EL84 kuma 12. Tiransifon da aka naɗa wa 220, in kuran ya kai 240, komai ya hau da kashi 9 cikin ɗari. A nan 560Ω mai wat 5 ta fi 470Ω kwanciyar hankali, kuma kunne da wuya ya ji bambanci. Ƙwai sai an jira sautu, rezistans kuwa dala kaɗan ce.

Wa ya dace da wanne

Mai koyo a gida, ko mai raka waƙa a hankali da ampli na wat 5, ya ɗauki 100k, 1.5k da 22µF. In lasifikarsa ƙarama ce ya sauke kondansatar zuwa 4.7µF. Mai kiɗan biki a fili, a Yamai ko a Tawa, wanda ke gogayya da ganga kuma yake son kowace tsirkiya ta fito, 100k da 2.7k ne nasa, da 1µF in gitarsa siririya ce, da 0.68µF in mai kauri ce. Mai ƙwai ɗaya tak a gaba da gita mai raunin fita, ko mai neman nota ta daɗe tana kuka, ya gwada 220k da 2.7k, muddin ba maɓallan sauti ke biye da matakin kai tsaye ba. 10k na wanda ya riga ya haɗa ampli ɗaya ko biyu ne, yana son fashewa da dare ba tare da ya tashi maƙwabta ba.

Wanda ampli ɗaya zai yi masa ɗaki da fili duka, ya bar 100k da 2.7k da 0.68µF a dasa, ya ƙara 22µF ta bayan ɗan makunni a katod. A sa 100k a gefen makunnin don kondansatar ya zauna a cike, in ba haka ba duk juyawa sai lasifika ta yi tau. Volt biyu ne kawai a wurin, kowane ƙaramin makunni zai ɗauka, kuma kayan duka masu araha ne.